AN BAR CIYAWA ANA DUKAN MAKIYAYI: Magana ga 'yan'uwana mutanen cikin birni

Jama'a, rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda ba shi da lokaci ya ajiye sai bayan isha'i. Amma don Allah kar wani ya karanta layi uku ya faɗo min da zagi a ƙasa. Karanta duka, sannan ka zage ni da hujja.

Ni haifaffen cikin badala ne, daga ƙofar gidanmu kana hango Dutsen Dala. Tun ina yaro ban taɓa sanin gidanmu babu turken rago ba. Bana ma na ɗaure guda uku, 'yan ƙasa biyu da balami ɗaya. Bayan Sallah na zauna da biro da takarda na yi lissafi, wallahi abin da na kashe a harawa da dusa da kowa ya kusa kamo kuɗin da na sayo su. Da na cire kuɗin magani da ladan yaron da yake share turke, sai na ga ashe wata biyar na yi ina yi wa mai harawa aiki kyauta. Na san ba ni kaɗai ba ne. Duk matar da take kiwo a tsakar gida daga Mandawari zuwa Gwammaja ta san wannan lissafin.

To a majalisarmu idan aka tayar da zancen tsadar rago da nama, amsa uku ake bayarwa: dala ce, man fetur ne, Nijar ce ta hana fitar da dabbobi. Duk gaskiya ne. A watan Mayun 2025, ana dab da layya, gwamnatin Nijar ta dakatar da fitar da dabbobi, kuma kowa ya ga yadda abin ya taɓa kasuwannin iyaka irin su Maigatari. Amma ku tsaya mu tambayi kanmu. Yaya aka yi jihar da take da Wudil da Dambatta, take da madatsun ruwa irin su Tiga da Challawa, takarda ɗaya daga Yamai ta isa ta girgiza mata Sallah? Amsar ita ce ciyawa. Ba mu noma ta, ba mu adana ta, ba mu ma ɗauke ta a matsayin amfanin gona ba. Mun ɗauka abu ne da Allah yake fitarwa a daji, wanda ya riga ya kwasa.

Bari na fara da lissafin da ko ɗan firamare zai gane. Saniya mai kilo 250 tana buƙatar busasshen abinci kusan kilo 6 a kullum. Raninmu wata bakwai ne, ka ce kwana 210. Wato saniya ɗaya tana buƙatar sama da kilo 1,200 kafin ruwa ya sake sauka. Garke mai shanu 50 kuwa, tan 60 ke nan da ɗoriya. Ina mai garken zai samo shi? Ba a gonarsa ba, don ba shi da ita. Ba a dajin kiwo ba, don an nome shi ko an ƙone shi. Shi ya sa yake ɗaura kaya ya nausa kudu. Ba son yawo ba ne, cikin dabba ne yake kora shi.

Kuma ko inda ciyawar ta rage a tsaye, da zarar ta bushe ta zama kamar tsintsiya. Sinadarin gina jiki da ke cikinta yakan faɗo zuwa kashi 2 ko 3 cikin ɗari, alhali tumbin saniya yana buƙatar kusan kashi 7 kafin ma ya iya narkar da abin da ta ci. Sai ka ga dabba ta yi ƙiba da damina, ta zubar da rani, ta sake ginawa da wata daminar. Shi ya sa bunajinmu a hannun makiyayi sai ta kai shekara 4 zuwa 5 kafin haihuwar fari, sannan ta riƙa haihuwa kusan duk bayan shekara biyu. Ba irin ba ne ya lalace. Yunwa ce.

To me gwamnatoci suke yi a kai? Mu bi tarihi. A 1965 Jihar Arewa ta yi dokar keɓe dazukan kiwo. Ana ƙiyasta akwai irin waɗannan wurare kusan 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar da su a hukumance ba su wuce kashi ɗaya cikin uku ba. A 1978 dokar mallakar ƙasa ta damƙa filaye a hannun gwamnoni. A 2017 Binuwai ta haramta kiwon sake. A 2019 gwamnatin tarayya ta fito da shirin Ruga, aka yi ca a kai, ta dakatar da shi a watan Yuli, aka koma wani shirin na sauya fasalin kiwo. A watan Mayun 2021 gwamnonin kudu suka taru a Asaba suka ce sun hana kiwon sake. A watan Yulin 2024 Shugaba Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo, aka sa Farfesa Attahiru Jega a jagorancin kwamitin gyaran harkar, daga baya aka naɗa Idi Mukhtar Maiha minista. Shekara sittin ke nan ana dokoki da kwamitoci. A duk wannan hayaniyar, magana a kan makiyayi ake yi: a hana shi, a zaunar da shi, a kore shi, a yi masa gida. Abin da dabbarsa za ta ci kuwa kullum shi ne a shafin ƙarshe. An bar jaki ana dukan taiki.

Mu dawo gida Kano. Adalci ne na faɗa, an yi wasu abubuwa. Gwamnatin Ganduje ta gayyaci makiyaya su dawo Kano lokacin da ake korar su a wasu jihohi, ta fara rugar zamani a dajin Dansoshiya da ke ƙaramar hukumar Kiru, ta tura matasan Fulani Turkiyya koyon bayen dabbobi ta hanyar allura. Akwai kuma shirin bunƙasa noma da kiwo na jiha wanda Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya tallafa, na dala miliyan 95, kuma noman ciyawa da shata burtali suna cikin ayyukansa. Ban raina ko ɗaya ba. Amma ma'aunina ɗaya ne ga kowace gwamnati, ta jiya da ta yau: kar a ƙirga min gidaje, kar a nuna min hoton yanka zare. A faɗa min hekta nawa ce aka shuka wa ciyawa ta tsira, tan nawa aka yanka aka ajiye, kuma makiyayi nawa ne suka kwana a gida watan Maris saboda akwai abinci. Saniya ba ta cin bulo. Kuma ɗan maraƙin da aka samu ta allura daga irin Turai ya fi namu ci, ya fi namu saurin jigata. Ka kawo shi inda babu abinci, ka sayo wa talaka asara da tsada.

Ina za a yi wannan noman ciyawa? A nan ne nake so mu kalli kudancin jihar nan. Duk wanda ya bi hanyar Jos ya wuce Tudun Wada, ya ratsa Falgore, ya shiga Doguwa har Riruwai, ya san ƙasar ta sauya. Tuddai ne da duwatsu da kwazazzabai, ruwan sama ya fi na birni yawa da daɗewa, yakan haura milimita 1,000 a shekara. Gangaren dutse ba wurin garma ba ne. Ka nome shi ka zuba masara, shekara biyu uku ruwa ya wanke ƙasar ya bar maka tsakuwa. Amma ka rufe shi da ciyawa da itatuwa, sai ya riƙe ƙasarsa, ya riƙe ruwa, ya ba ka nama. Allah ya halicci irin wannan ƙasa don tumaki da shanu, mu kuma muna sare ta muna yin gawayi.

Kar wani ɗan birni ya ce ina ruwansa. Kogin Kano ta dajin Falgore yake biyowa kafin ya zuba a Tiga, madatsar da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo. Daga Tiga ake ban ruwan shinkafa da tumatirin Kadawa da Kura, daga wannan kogin kuma ake jan ruwan Tamburawa. Duk ƙasar da ta zaizaye daga tsiraran tuddan can, a cikin dam take kwanciya. Wato tudun da aka yi wa ƙwal a Doguwa, famfonka na Yakasai yake taɓawa.

Akwai ƙasar da ta gina arzikinta a kan irin wannan ƙasa mai tuddai, ita ce Niyu Zilan. Mutanenta ba su fi miliyan biyar da 'yan kai ba, amma a 1982 tumakinta sun kai miliyan 70. Sirrinsu ba wani tsafi ba ne. Sun shuka ciyawa gauraye da wani tsiro dangin wake da yake ƙara wa ƙasa ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1940 suka fara watsa takin fosfet a kan tuddai da ƙananan jirage, don mota ba ta hawa. Suka yanka filaye gida-gida da shinge, dabba ta ci nan, a kora ta can, nan ya huta. A 1984 gwamnatinsu ta janye tallafi. Yau tumakin sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 25, amma naman ragon da suke fitarwa bai ragu da wannan gwargwadon ba ko kusa, domin kowace tunkiya tana haihuwa fiye da da, kowane ɗan rago ya fi nauyi. Dabba kaɗan a ƙoshe ta fi garke a yunwace.

Na san abin da za a ce: Malam, can ruwa kusan duk shekara, mu wata biyar. Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ce a kwafo su ba. Su matsalarsu ciyawa ta tsiro, mu matsalarmu a adana ta. Kuma ba sai mun je can ba, maganin yana nan kusa da mu. A Shika da ke Zariya akwai cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, shekara da shekaru tana aiki a kan gamba da lablab da sauran ciyayi. A shekarun 1980, masu bincike sun yi aiki da Fulanin yankin Kachia a kan abin da ake kira rumbun ciyawa: fili kamar hekta 4 a killace kusa da ruga, a shuka masa wani tsiro mai suna sitailo, a hana dabba shiga da damina, da rani a riƙa sakin masu ciki da masu shayarwa su ci na 'yan awanni a rana. Dabarar ta yi aiki. Abin da ya fi takura mata shi ne tsadar waya, da gobarar daji, da kuma babbar matsala: makiyayi ba shi da tabbacin filin nasa ne.

Ku leƙa Nijar ɗin da muke jira ta sayar mana da rago. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa. A yankin Maraɗi, tun farkon shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan itatuwa su sake tofo a gona maimakon a tumɓuke, har aka farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a kudancin ƙasar. Gawo yana cikin manyan itatuwan, kuma kowa ya san halinsa: ya zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, ya zubo wa dabba 'ya'ya daidai lokacin da babu komai. A Keita ta jihar Tawa, daga 1984 aka shiga jera duwatsu a gangaren tuddai ana haƙa ramuka don tare ruwa, wuraren da suka zama faƙo suka sake fitar da ciyawa. Mata ne suka yi mafi yawan aikin, da hannu da kwando. Mu da muke da ruwa ninkin nasu, wane uzuri gare mu?

Yanzu ga inda zan taka ƙafar wasu. Wa ya cinye dazukan kiwo da burtali? Mun iya cewa ƙaramin manomi ne ya matso da kunya biyu. Eh, yana yi. Amma manyan gonakin da ake zagayewa da waya a dazukan karkara, na su waye? Namu ne, mutanen birni. Alhaji mai shago a kasuwa, babban ma'aikaci, ɗan siyasa, a yanka masa hekta ɗari, ya je sau biyu a shekara ya ɗauki hoto. Akwai wani dattijon Bafulatani da nake sayen raguna a hannunsa shekara da shekaru. Bara da na je, ya nuna min inda suke shayar da dabbobi tun zamanin mahaifinsa, an kewaye shi. Ya ce min, "Alhaji, in na shuka ciyawar da kake faɗa, wa zai hana a zo baɗi a ce wurin na wani ne?" Wallahi ban sami amsar ba shi ba. Ba wanda yake dasa itace a gidan haya.

Su ma makiyaya ba zan ƙyale su ba. Tara kai ana alfahari da yawa, alhali rabin garken ƙashi da fata ne, ba dabara ba ce. A sayar da bijimai da tsofaffin shanu a ƙarshen damina suna da nama, a sayi abincin sauran. Sassabe rassan itace har a kashe shi, da cinna wa daji wuta don sabon tofo, da sakar wa ƙananan yara garke su shiga gonar mutane, duk yankan reshen da ake zaune a kai ne. Mai gona ma yana da haƙƙi, guminsa ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani zai ce a yi manyan gandayen kiwo irin na Turawa kawai a huta. To wa zai mallake su? Wanda yake da jarin waya da rijiyar burtsatse da injin yanka ciyawa, wato dai mu ɗin nan da muka riga muka kwashe filin. Mai shanu talatin kuma ya zama ɗan ƙwadago a kan dukiyar kakansa, ko ya shiga daji da haushi. Mun ga abin da ya faru a Zamfara da Katsina, inda rikicin fili da satar shanu suka rikiɗe suka zama abin da ya fi ƙarfin kowa. Shi kansa Falgore ya taɓa zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu tare hanya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin yi.

Kuma ban ce a buɗe gandun namun dajin Falgore a raba ba. A'a, a bar shi, shi ne lemar kogin. Maganata a kan tuddan da ke kewaye da shi ne da sauran dazukan kiwo na jihar. In akwai abinci a wajen gandun, matsin da ake yi masa zai ragu.

Ga abin da nake nema, kuma ba abin da ya gagara a ciki:

1. Gwamnatin jiha ta wallafa sunan kowane dajin kiwo da burtali, da girmansa a takarda da girman da ya rage a ƙasa, da wanda aka ba wa abin da ya fita. A manna a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma.

2. A ba wa ƙungiyoyin makiyayan da suke zaune a wurin takardar riƙo ta dogon lokaci, da sharaɗin shuka ciyawa da itace. Hakimi da dagaci da arɗo da wakilin manoma su sa hannu tare.

3. A gangaren tuddai a jera duwatsu a gicciye, a haƙa ramukan rabin wata, a shuka gamba da kyasuwa da sitailo, a bar gawo ya tashi. A sa takin fosfet, tunda har a Sakkwato akwai dutsensa.

4. A raba fili kashi-kashi, a riƙa hutar da wani. Shanu su fara shiga su ci doguwa, tumaki su biyo su tsinci gajera. A warwatsa mashaya, kar dabba dubu su taru a rijiya ɗaya su mayar da kewayenta faƙo.

5. A yanki ciyawa a watan Satumba tana da ɗanyenta, a busar a inuwa, a ɗaure, a ajiye. A share layin tare gobara kafin hunturu. A buɗe kasuwar ciyawa da awo na kilo, yadda mai turke a birni zai san abin da yake saya.

6. Rigakafin ciwon huhu na shanu da na annobar tumaki da awaki ya isa ruga a kan lokaci, tunda a Vom ake yin allurar, ba daga waje ba.

Mu kuma 'yan kasuwar birni, mai kuɗin da yake neman inda zai zuba jari, ga shi nan. Noman ciyawa da ɗaure ta sana'a ce. Duk rani ana neman ta ido rufe, kuma ba ta ruɓewa kamar tumatir.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kakanninmu sun san wannan haɗin. Ina yaro, da sassafe jakai suke fita ta ƙofofin gari da mangala cike da takin turke zuwa gonakin kewaye, su dawo da kara da harawa da itace. Makiyayi ya sauka a gonar manomi bayan girbi, ya ci kara ya bar taki, har a ba shi dame. Da wannan aka yi ɗaruruwan shekaru ana noma ƙasar Kano ba ta gaji ba. Da fatar dabbobin nan majemanmu da dukawanmu suka yi suna, Kasuwar Kurmi ta aika kaya har bayan hamada. Birnin nan a kan dabba ya tashi. Yau jikokin masu wannan hikima sun koma zagin Bafulatani a Facebook da tsiren saniyarsa a hannu.

Sallah mai zuwa ba ta da nisa kamar yadda muke gani. Ragon da za ka yanka, yanzu ake shayar da shi, kuma abin da uwarsa za ta ci a watan Maris, a daminar nan ake yanke shi ko a rasa. Ba a kiwon kare ranar farauta. Duk wanda yake da ɗan majalisa a mazaɓarsa, ya tura masa rubutun nan, ya tambaye shi hekta nawa ta dajin kiwo ta rage a ƙaramar hukumarsa. In ya kasa amsawa, kun san matsayinsa.

Wanda yake ganin na yi kuskure, musamman 'yan'uwanmu na Doguwa da Tudun Wada da Kiru da suka fi ni sanin ƙasar, fili naku ne, ku gyara min. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da jiharmu lafiya, ya sa mu gane kafin mu yi ihu bayan hari. Amin.